Ciwon Ɓarin Kai da Ɓarauniyar Hanyar Jini a Zuciya

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, mai tasowa lokaci-lokaci ta lafa. Galibi gefe ɗaya na kai yake kamawa, yana sara daidai da bugun jini, kuma idan ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Tashin zuciya ko amai na biye da shi, haske da hayaniya su zama azaba, ko sunkuyawa mutum ya yi sai ciwon ya ƙaru, shi ya sa mai shi ba abin da yake nema sai ɗaki mai duhu da shiru. Kimanin mutum biliyan ɗaya ke fama da shi a duniya, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. A Nijeriya, binciken gida-gida da Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa suka gudanar a Igbo-Ora ta jihar Oyo ya same shi a jikin kusan mutum 5 cikin 100. Tsohuwar cuta ce. A Sahihul Bukhari an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ƙaho a ka yana cikin ihrami saboda shaƙiƙa, wato ciwon ɓarin kai, kuma har gobe wanzamai a ƙasar Hausa na kafa ƙaho a ƙeya don ciwon kai mai naci.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon suna samun gargaɗi kafin kan ya sara, abin da littattafan likitanci ke kira aura. Na ido aka fi sani. Wani ɗan tabo yakan bayyana kusa da tsakiyar abin da mutum ke kallo, bakinsa na ƙyalli yana rawa, da lanƙwasa masu tsini. Sannu a hankali sai ya faɗaɗa ya nufi gefe guda, ya bar gurbin da ba a ganin komai a bayansa: mai karatu ya ga rabin layi ya ɓace, mai tsintar shinkafa ta ga rabin faifan babu. Ko an rufe ido ɗaya, ko duka biyun, ƙyallin na nan, domin ba a idon yake ba. Wasu kuma mirmiri ne ke tasowa daga yatsu ya hau hannu ya kai leɓe da harshe, wasu magana ce ke sarƙe musu. Kowace alama takan ɗauki minti 5 zuwa 60, sannan ta gushe gaba ɗaya. Tushen wannan gargaɗi ya fara fitowa fili a 1944, lokacin da Aristides Leão, ɗan Barazil da ke bincike a jami'ar Harvard, ya gano a ƙwaƙwalwar zomo cewa idan aka tsokani wuri ɗaya a samanta, wata igiyar lantarki na tashi ta bazu da saurin kimanin milimita 3 a minti, ta bar ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ta ratsa a sume na ɗan lokaci. Idan igiyar ta ratsa sashen gani da ke ƙeya, abin da mai ciwon ke gani ke nan. Masu irin wannan gargaɗi su ne jigon batun alaƙar ciwon kai da zuciya.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi, da bango tsakanin dama da hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki yana dawowa ɓangaren dama, a tura shi huhu, ya ɗauki iskar oksijin, ya komo ɓangaren hagu, daga nan a watsa shi ga ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Likitan nan na Dimashƙu da Alƙahira, Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a 1288, shi ya fara rubuta cewa jini ta huhu yake bi, ya kuma ƙaryata tsohon likita Jalinusu da ya ce akwai ƙananan ƙofofi a bangon da ke tsakanin ɗakunan ƙasa. Huhu kuwa ba shaƙar iska kaɗai yake yi ba. Jijiyoyinsa sirara ne ainun, har ƙwayoyin jini sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya suke wucewa, don haka duk wani ɗan gudan jini ko kumfar iska da ta taso daga ƙafa ko ƙugu a nan take maƙalewa ta narke. Yana kuma janye wasu sinadarai daga cikin jini, ciki har da serotonin, kafin su kai ga ƙwaƙwalwa.

Ɗan tayi ba ya numfashi. Daga mabiyiya yake samun oksijin. Saboda haka akwai wata kafa a bangon ɗakunan sama, mai suna foramen ovale da Latin, wadda jini ke bi daga dama zuwa hagu ba tare da ya je huhu ba. Kafar tana da marfi na siririyar tsoka a gefen hagu, mai kama da asabarin da aka rataya ta cikin ɗaki, wanda ya fi ƙofar faɗi: iskar da ta taso daga ciki manna shi take yi da bango, wadda ta taso daga waje kuwa ɗaga shi take. Da jariri ya yi kukan farko huhu ya buɗe, ƙarfin jini a hagu ya rinjayi na dama, marfin ya kwanta, cikin watanni ya manne. Amma ba ga kowa ba. A 1984 Philip Hagen da abokansa na asibitin Mayo a Amurka sun duba zukata 965 na mamata waɗanda ba su da ciwon zuciya, suka tarar kafar ba ta manne ba a kashi 27 cikin 100, matsakaicin faɗinta kusan milimita 5. Wannan kafa da ta ƙi mannewa ita ake kira PFO. Bisa wannan lissafi, a duk taron manya dubu ɗaya sama da ɗari biyu da hamsin na ɗauke da ita, kuma mafi yawansu za su rayu su tsufa ba su taɓa sani ba. Ba cuta ba ce a karan kanta.

Marfin yakan ɗaga ne idan ƙarfin jini a dama ya zarce na hagu, ko da na daƙiƙa biyu ne. Haka na faruwa yayin da mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri sannan ya saki: ɗora buhun masara a kafaɗa, jawo guga daga rijiya mai zurfi, fito da buhun ƙasa daga ramin haƙar zinare, tari mai ƙarfi, yunƙurin bayan gida, nishin naƙuda. A wannan ɗan lokaci jinin da bai je huhu ba yakan bi ɓarauniyar hanya ya faɗa hagu, da duk abin da yake ɗauke da shi. A wasu mutane kafar na da faɗi har jini na tsallakawa ko suna zaune. Akwai wasu hanyoyin kuma. Ana haihuwar wasu da rami na sosai a bangon ɗakunan sama, marar marfi, wanda ake kira ASD. Wasu a cikin huhun ne wata jijiya mai kai jini ke haɗewa kai tsaye da mai dawo da shi, kamar yadda ake gani a wata cutar gado mai sa yawan haɓo, wadda ke ɗauke da sunayen Osler, Weber da Rendu. Su ma masu wannan cuta an lura ciwon ɓarin kai ya fi yawa a cikinsu idan suna da irin wannan haɗi a huhu. Ciwon hanta da ya yi nisa shi ma yakan buɗa jijiyoyin huhu har tacewar ta ragu.

Gwajin da ke tona asirin hanyar ba shi da wuya. Ana zuba ruwan gishirin asibiti da 'yar iska kaɗan a sirinji biyu da aka haɗa bakinsu, a yi ta tura ruwan daga wannan zuwa wancan har ya yi fari da ƙananan kumfa, sai a tura shi cikin jijiyar hannu ana kallon zuciya da na'urar eko. Nan da nan ɗakin dama zai cika da farin hazo. Idan bango lafiya yake, hagu zai zauna baƙi ƙirin, don huhu ya tare kumfar. Idan ɗigo-ɗigon fari suka bayyana a hagu cikin bugu uku na zuciya, ta bango suka bi. Idan sai daga baya suka iso, zargi ya koma kan huhu. Akan sa mutum ya yi yunƙuri ya saki daidai lokacin, don marfin ya ɗaga. Wata hanyar ita ce a ɗora na'urar TCD a gefen kai, gaban kunne, ta saurari jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa. Duk kumfar da ta wuce sai an ji ƙararta, a ƙirga. An sha ganin masu gargaɗi da babbar kafa waɗanda gwajin kansa ya tayar musu da ƙyallin ido cikin 'yan mintoci.

Ta ƙofar shanyewar ɓarin jiki aka shigo wannan batu. Tun 1877 Julius Cohnheim a Jamus ya bayyana yadda gudan jini daga ƙafa zai iya tsallaka wannan kafa ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. A 1988 Philippe Lechat a Paris ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na masu ƙarancin shekaru da suka samu shanyewar jiki na da PFO, alhali kashi 10 ne a waɗanda aka gwama su da su. Tun da an riga an san masu ciwon kai mai gargaɗi sun fi sauran mutane haɗarin shanyewar jiki, sai likitocin Italiya suka juya na'urarsu gare su. Massimo Del Sette a birnin Genoa, a 1998, ya samu ɓarauniyar hanya a kashi 41 na masu gargaɗi, kashi 16 a masu lafiya. Shekara guda bayan haka Gian Paolo Anzola a Brescia ya samu kashi 48 a masu gargaɗi, 23 a masu ciwon da ba gargaɗi, 20 a masu lafiya. Wato bambancin duk a kan masu gargaɗi ya tsaya. Sauran masu ciwon ba su bambanta da kowa ba.

Abin da ya tayar da ƙura ya fito ne daga masu nutso a teku. Wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa ya taso da sauri, iskar naitirojin takan yi kumfa a jininsa, kuma mai PFO babba kumfar na iya kaiwa ƙwaƙwalwarsa. Peter Wilmshurst, likitan zuciya a Shrewsbury ta Ingila, yana toshe wa irin waɗannan kafar don su koma sana'arsu. A 2000 ya wallafa a mujallar Lancet cewa cikin mutum 37 da aka yi wa aikin, 21 dama suna da ciwon ɓarin kai; bayan aikin 10 sun rabu da shi, 8 sun samu sauƙi, 3 ba abin da ya sauya. Ba don ciwon kai aka yi musu aikin ba, wannan ya ƙara wa labarin armashi. Rahotanni irinsa suka yi ta fitowa daga asibitoci daban-daban, kamfanonin da ke ƙera na'urar toshewa suka hango kasuwa ta miliyoyin mutane.

Bayanin da ya fi samun gindin zama shi ne na ƙananan tarkace. Ɗan gudan jini, ko dunƙulen filatilet, wato ƙwayoyin da ke fara daskarar da jini, ko kumfar iska, idan ya tsere wa huhu ya toshe wata siririyar jijiya a saman ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, zai iya kunna igiyar Leão ba tare da ya bar tabo ba. A 2010 Ala Nozari da masu bincike a ɗakin gwajin Michael Moskowitz a Boston sun tura ƙananan kumfar iska da wasu ƙwayoyi cikin jijiyar wuyan ɓeraye, igiyar kuwa ta tashi, sau da yawa ba tare da naman ƙwaƙwalwa ya mutu ba. Haka nan wasu da ake yi wa allurar kumfa don busar da kumburarrun jijiyoyin ƙafa sukan ga ƙyalli jim kaɗan bayan allurar. Bayani na biyu na sinadarai ne, irin su serotonin, da ke isa ƙwaƙwalwa da yawa saboda huhu bai rage su ba. Hujjarsa ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Na uku kuma ya rushe zancen sababi ɗungurungum: mai yiwuwa gado ɗaya ne ke haifar da abu biyun. Wilmshurst da kansa ya nuna a 2004 cewa manyan kafofi na bin dangi, kuma a wasu gidaje tare suke tafiya da ciwon kai mai gargaɗi. In haka ne, toshe kafa ba zai taɓa ciwon ba.

Masu shakka na da hujjoji masu nauyi. Abu biyu da kowannensu ya yawaita dole su haɗu a jikin mutane da yawa ko babu ruwan ɗaya da ɗaya. Binciken farko-farko duk a asibitocin ƙwararru aka yi su, inda masu ciwo mafi tsanani ke taruwa. Da aka fita cikin gari sai hoton ya sauya: a arewacin Manhattan ta birnin New York, Tatjana Rundek ta duba mutum 1,101 a 2008 ba ta ga wata alaƙa ba, ko da yake yawancinsu tsofaffi ne, shekarun da ciwon ya riga ya ja da baya. A shekarar dai Todd Schwedt da abokansa suka tattara binciken da aka yi, suka ce masu ciwon sun fi sauran mutane yiwuwar samun PFO da kusan ninki biyu da rabi, amma suka ƙara da cewa ingancin shaidar bai taka kara ya karya ba. Su kuma waɗanda suka ce sun warke bayan aiki, akwai dalilai uku da za su iya jawo haka ba tare da na'urar ba. Ciwon ɓarin kai na hawa da sauka da kansa, kuma mutum yakan nemi aiki ne lokacin da abin ya fi tsanani. Sa rai da waraka yana rage ciwon kai ƙwarai, balle an shiga da mutum ɗakin tiyata. Sannan duk wanda aka sa wa na'ura ana ba shi asfirin da kilofidogirel na watanni, su kuwa waɗannan magunguna na iya taɓa ciwon da kansu.

Aikin toshewar ba ya buƙatar tsaga ƙirji. Ana huda jijiyar cinya ta wajen matsematsi, a zura siririn bututu har zuciya, a ratsa kafar da shi, a saki fayafai biyu na saƙaƙƙiyar waya, ɗaya a hagu ɗaya a dama, su matse bangon a tsakiya. Cikin watanni tsoka ta rufe su. Don a raba gardama sai an yi gwaji da ƙuri'a, rabi a sa musu na'ura, rabi a yi musu aikin kwaikwayo ba su sani ba. Na farko shi ne MIST a Ingila, da aka wallafa a 2008. An tantance mutum 432 masu gargaɗi waɗanda magani ya gaza a kansu, 163 na da kafa matsakaiciya ko babba, aka jefa ƙuri'a kan 147. Waɗanda suka faɗa rukunin kwaikwayo an sa musu barci an ɗan yanki fatar cinya kawai. Sakamako: mutum 3 cikin 74 da aka sa wa na'ura sun rabu da ciwon, mutum 3 cikin 73 na kwaikwayo su ma haka. Murna ta koma ciki. Rigima kuma ta biyo baya, domin Wilmshurst, ɗaya daga jagororin gwajin, ya ƙi sa sunansa a rahoton, ya kuma faɗa a wani taro a Amurka a 2007 cewa yana da shakku kan bayanan, musamman yawan waɗanda kafarsu ba ta toshe sosai ba. Kamfanin NMT Medical mai na'urar ya maka shi kotu a Ingila bisa zargin ɓata suna. Mujallar da ta wallafa rahoton ta buga dogon gyara a 2009, kamfanin ya durƙushe a 2011 shari'ar ba ta kai ga hukunci ba, kuma wannan ƙara na cikin waɗanda masu neman gyaran dokar ɓata suna ta Ingila suka kafa hujja da su kafin a sauya ta a 2013.

Gwaji biyu suka biyo baya, duka da na'urar Amplatzer. PRIMA, ƙarƙashin Heinrich Mattle na Bern a Suwizalan, ya fito a 2016 da mutum 107, ba tare da aikin kwaikwayo ba. Kwanakin ciwo a wata sun ragu da 2.9 a masu na'ura, 1.7 a masu magani kawai, tazarar da lissafi bai yarda ta wuce dace ba. Amma kwanakin ciwo mai gargaɗi sun ragu da 2.4 a kan 0.6. PREMIUM na Jonathan Tobis a Amurka, mutum 230 da aikin kwaikwayo, ya fito a 2017: waɗanda tashin ciwonsu ya ragu da rabi kashi 38 ne a kan 32, nan ma ba a ci ba, sai dai mutum 10 masu na'ura sun warke sarai, mutum 1 kacal a ɗaya ɓangaren. A 2021 Mohammad Mojadidi ya haɗa bayanan gwaji biyun, mutum 337, ya samu raguwar kwana 3.1 a kan 1.9 a wata, da warkewa sarai kashi 9 a kan ƙasa da 1, kuma ribar ta fi fitowa ga waɗanda gargaɗi ke raka mafi yawan ciwonsu. Adalcin karatun waɗannan alƙaluma shi ne: gwaji uku, kowanne ya faɗi a ma'aunin da ya ɗora wa kansa tun farko, amma biyu na baya sun bar alamar cewa akwai wani ƙaramin rukuni da kafar ke da hannu a ciwonsu da gaske. Ribar kwana ɗaya da 'yan kai a wata ba ta fi abin da ƙwayar rigakafi mai araha ke bayarwa ba, ita kuwa ƙwaya ana iya daina ta, na'ura kuwa ta zauna ke nan. Tana da nata haɗari: a gwajin CLOSE na Faransa kashi 4.6 na masu na'ura sun samu rikicewar bugun zuciya, akasari na wucin gadi, ga zubar jini a wurin huda, ga gocewar na'urar a wasu 'yan kaɗan.

Wani abin mamaki shi ne aikin na iya haifar da ciwon. Cikin waɗanda aka toshe wa ramin ASD, wasu da ba su taɓa sanin ciwon ɓarin kai ba sukan fara shi a makonnin farko. A gwajin CANOA na Kanada, 2015, mutum 171, ciwon ya ɓulla a kashi 22 na masu shan asfirin kaɗai, kashi 10 na waɗanda aka ƙara wa kilofidogirel. Wannan ya ƙarfafa zargin filatilet da ke taruwa a kan sabon ƙarfe. Robert Sommer a New York ya bi wannan sawu, ya ba masu ciwo da PFO su 136 irin wannan magani, kashi 59 suka samu ragin rabi ko fiye, ya kuma ba da shawarar a yi amfani da amsa maganin wajen zaɓen wanda za a yi wa aiki. Dubawa ce ta bayanan baya, ba gwajin ƙuri'a ba, don haka matsayinta na hasashe ne.

Inda toshewa ta tabbatar da amfaninta shi ne shanyewar jiki. A 2017 gwaji uku, CLOSE da REDUCE da RESPECT, sun nuna cewa ga 'yan ƙasa da shekara 60 da suka samu shanyewar jiki ba a gano wani dalili ba sai PFO, toshe kafar na rage maimaituwa. Game da ciwon kai kuwa, matsayar ƙungiyoyin likitocin Turai ta 2021 da ta ƙungiyar SCAI ta Amurka ta 2022 sun yi kusa da juna: ba a toshe kafa don ciwon ɓarin kai a matsayin aikin yau da kullum, sai cikin bincike, ko ga wanda ciwon ya nakasa kuma magunguna suka gaza. Ba a kuma tura kowane mai ciwon kai gwajin kumfa.

Ga mazaunin Kuyello da sauran garuruwan gabashin Birnin Gwari, inda ganin likitan zuciya ko na ƙwaƙwalwa ke nufin tafiya asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Barau Dikko a Kaduna, ko Malam Aminu Kano, kan hanyoyin da rashin tsaro ya addaba shekara da shekaru, wannan matsaya sauƙi ce: mai ciwon ɓarin kai bai yi asarar komai ba don bai je an leƙa zuciyarsa ba. Inda batun ɓarauniyar hanya ya fi kusa da gida shi ne sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, ana ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 a shekara, kuma idan ba rigakafi kimanin kashi 11 na masu nau'in SS na samun shanyewar jiki kafin shekara 20. Jininsu na saurin daskarewa, ƙarfin jini a huhunsu kan hau, abin da ke iya ɗaga marfin kafa. Binciken da Michael Dowling na Dallas ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya ga alamar tsallakawar jini a kashi 46 na yara masu sikila da suka samu shanyewar jiki, kashi 24 a yaran da ba su da sikila. Rarar ta fito ne daga huhu, ba daga bangon zuciya ba, kuma masu alamar sun fi kukan ciwon kai. Na'urar TCD kuwa ba baƙuwa ba ce a arewa. Da ita aka tantance yaran gwajin SPRING, wanda Farfesa Shehu Umar Abdullahi na Kano da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt suka gudanar a asibitocin Malam Aminu Kano da Murtala Muhammad da Barau Dikko, aka wallafa a 2022, inda yara 220 da gudun jininsu ya nuna haɗari suka sha haidiroksiyuriya. A can saurin jini ake aunawa ba kumfa ba, amma injin ɗaya ne. Yaro mai sikila da ke yawan ciwon kai, awon TCD da wannan magani su ne abin nema masa tun kafin a yi zancen kafa.

Amfanin sanin gargaɗi ga sauran jama'a bai dogara da gano PFO ba. Ciwon kai mai gargaɗi na ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyu. Haɗarin ƙarami ne ga matashi, amma taba sigari da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estirojin na ƙara hauhawa da shi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙwaya cikin abin da mace mai gargaɗi ba za ta sha ba sam, alhali allurar da ba ta da estirojin da ashanar hannu da robar mahaifa duk sun halatta gare ta. A inda ake sayen ƙwaya a kemis ba tambaya, mace ce za ta faɗa da bakinta cewa tana ganin ƙyalli kafin ciwon kai. Dole kuma a rarrabe gargaɗi da abin da ya fi shi. Gargaɗi na tafiya ne sannu-sannu, yana ƙara abu kamar ƙyalli ko mirmiri, ya wuce cikin awa guda. Ba mamaki a danganta shi da iskoki, amma ba ya barin lahani. Shanyewar jiki kuwa farat ɗaya take zuwa, ta ɗauke abu: ƙarfin hannu, daidaiton baki, magana. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya zancen sanƙarau ne ko maleriya mai tsanani. Mai juna biyu da cikinta ya haura wata biyar, ta fara sabon ciwon kai da walƙiya a ido, awon hawan jini take buƙata a ranar, don jijjiga na iya biyowa.

Shi kansa ciwon ɓarin kai, maganinsa na nan kusa. Asfirin ko ibufurofen ko farasitamol da wuri, tun ciwon bai kankama ba, na wadatar da mutane da yawa, sai dai ba a ba yara asfirin, masu gyambon ciki kuma su nisanci biyun farko. Sumatiriftan, wanda ya shiga jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021, na ga wanda waɗannan suka gaza, in ba shi da ciwon zuciya ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Wanda ciwon ke kayar da shi sau da yawa a wata akan ɗora shi kan furofaranolol ko amitiriftilin kullum, a jira wata biyu zuwa uku kafin a yanke hukunci. Yunwa, ƙishirwa, zafin bazara da karyewar barci na daga abin da ke tayar da shi, abin da masu ciwon kan lura da shi a kwanakin farko na azumi. Shan maganin ciwo kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 idan gauraye ne da sinadarin kafin ko kuma taramol, yana mayar da ciwon na kullum, kuma ba ya sauka sai an janye maganin.